Fesa fenti a ƙaramar motar roba lokacin hunturu: yaya kuka yi da ƙura?

Sabon shiga, Kano:
Assalamu alaikum. Yayana ya kawo min tsarabar motar haɗawa ta kamfanin Tamiya, Toyota Land Cruiser 80, mai awon 1/24, tsawonta kamar santimita 20. Na gama ƙasan motar da kujerun, saura gangar jiki. Kafin in taɓa ta na gwada fentin gwangwani a bayan cokalin roba, sai ya bushe da kaushi, ga ƙura ta zauna a kai. Mota ɗaya gare ni, in ta lalace ba shagon da zan shiga in canjo. Waɗanda suka taɓa fesawa a irin wannan yanayin, don Allah ku faɗi yadda ta kaya muku.

Mai fentin motoci, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kaushin nan ba duka ƙura ba ce. Iskar hunturu busasshiya ce, in ka ja hannu da nisa fentin zai bushe tun a iska, ya sauka gari-gari. A gareji ma muna ganin haka a manyan motoci. Ka matso, tazarar ta zama santimita 20 zuwa 25, ka fara fesawa kafin hannunka ya kai kan motar, kada ka saki sai ka wuce ta. Ni nakan tsoma gwangwanin a ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, in girgiza shi sosai. Shafi na farko da na biyu ƙasa-ƙasa, har kana hango faraimar ta ƙarƙashi, wato shafin share fage da ake yi kafin fenti. Na ƙarshe ne kaɗai zai kwanta a jiƙe.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne tinar da muke aiki da ita a gareji. An yi ta ne don ƙarfe. Robar waɗannan motocin narkewa take in tina mai zafi ta same ta tsirara. Na ga bonet ɗin wata ƙaramar mota da aka fesa wa fentinmu ba faraima, ya yamutse, duk zanen da ke jikinsa ya shafe. Wannan ba ya gyaruwa.

Malamin makaranta, Zinder:
Mu nan ƙura ta fi taku. Banɗaki ne wurin aikina. Ina yayyafa ruwa a ƙasa da bango, in rufe ƙofa in ba shi ɗan lokaci ƙurar ta kwanta, sannan in fesa, taga a buɗe kaɗan, da takunkumi a fuska. Ina gamawa sai in kifa mazubin roba mai tsabta a kan motar, in ɗaga gefe ɗaya da ƙwayar ashana don warin ya sami hanyar fita. Kwali ba ya yi, shi kansa yana zubar da gashi. Kuma kada ka goge jikin da busasshen ƙyalle gab da fesawa, robar za ta riƙa janyo ƙura da kanta. Wanke ta da ruwa da sabulun wanke-wanke, ta bushe a rufe.

Sabon shiga, Kano:
Na gode Malam. To faraima dole ce? Robar a santsi take.

Tsohon hannu, Jos:
Dole ce, yaro, kuma ba don fenti ya kama kawai ba. Kafin ka shafa faraima ba za ka ga layin da injin zubi ya bari a kan mudgad da gefen rufi ba. Toka-tokar faraima ce ke fito da shi. Ka bi shi da samfefa mai lamba 600, sannan 1000, ka sake fesawa. Ni faraimar Mr. Surfacer 1200 nake so, ko farar faraimar Tamiya in launin ja ne ko rawaya, don a kan toka jan yakan dushe.

Amma bari in ɗan saɓa wa masu maganar guje wa ƙura. Na daɗe a harkar nan, ban taɓa fesa motar da ƙura ba ta faɗa mata ko ɗaya ba. Ƙyallin da kuke gani a hotuna bayan fenti ake samo shi. Ka shafa kiliya, wato fenti marar launi da ake rufe aiki da shi, mai kauri daidai, ka bar ta ta bushe har sai ka kai hanci ba ka jin wari, mako guda ko fiye. Sannan samfefa 2000 da ruwa, a hankali, har jikin ya dushe gaba ɗaya ba sauran ɗigon sheƙi. A nan ne mutane ke firgita, suna ganin sun ɓata aiki. Sai 3000, sai man gogewa, mai kaushi, matsakaici, sannan na gamawa, kowanne da ƙyallensa. Ka nisanci kusurwoyi da bakin ƙofofi, fenti ya fi sirantaka a nan, guga biyu ka huda zuwa faraima. Ni tef nake liƙawa a kansu kafin in fara.

Mu a Jos damina ce matsalarmu. In ka fesa kiliya ranar da hadari ya haɗu, sai ta yi fari-fari kamar an hura wa madubi numfashi, saboda danshi ya maƙale a ciki. Wani lokaci siririn shafi a busasshiyar rana yana gyara ta.

Ɗaliba, Zariya:
Baba na Jos, ina da tambaya a kan sitika ta ruwa, wadda ake jiƙawa a ruwa kafin a manna. Na yi Volkswagen Beetle 1300 ta 1966, ba sitika da yawa, amma wata motar tsere da na yi bayanta sitikar ƙofar ta tattare da na fesa kiliya. Me ya jawo?

Tsohon hannu, Jos:
'Yata, kiliyar ta sauka da yawa a shafin farko. Sitikar na buƙatar kwana biyu ta bushe, sannan a yi mata feshi kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku ya rufe ta kafin shafi mai jiƙa. Kuma a kan fenti mai sheƙi ake ɗora ta, in ba haka ba iska ta shiga ƙarƙashinta ta yi azurfa-azurfa.

Ɗaliba, Zariya:
Na gane, Allah ya saka. Ni kuma abin da zan ƙara wa mai tambaya: kada sufa gulu ya kusanci gilashin. Tururinsa na barin farin tabo a ciki. Farin gam na kafintoci ya isa, yana bushewa garau.

Mai fentin motoci, Kaduna:
In ma ta ɓaci ana wankewa. Na taɓa cire fenti da man birki, ya fita, sai dai robar ta yi gautsi, ginshiƙin gilashin gaba ya tsage a hannuna. Yanzu sifirit mai ƙarfi, wanda ya haura kashi 90, nake jiƙa ta a ciki in bi da tsohon buroshin haƙori. Kuma kada ka ɗora fentin laka (lacquer) a kan fentin mai (enamel), zai ci shi. Fentin mai a kan laka ba matsala, shi ya sa ake zuba baƙin layin ƙofofi da shi a goge rarar.

Sabon shiga, Kano:
Na sake gwadawa a cokali, a banɗaki, da gwangwani mai ɗumi, ya kwanta sumul, ƙura ɗaya tak. Faraima zan fesa wa motar da asuba kafin iska ta tashi. Baba na Jos, baƙin bakin gilashin Land Cruiser ɗin kafin kiliya ake yin sa ko bayanta?

Tsohon hannu, Jos:
Bayan ka gama gogewa. In ka yi shi kafin kiliya zai yi sheƙi, robar bakin gilashi kuma ba ta sheƙi. Tef na fenti, sabuwar reza, ka danne bakin tef ɗin da tsinken sakace kafin buroshi ya taɓa.