Na je awon ciki, aka ce ina da tunjere

Ƙanwar Maza: Jama'a ku taimaka. Cikina wata 4, na je awo aka ɗebi jinina, aka ce tunjere gare ni. Watannin baya dai na ga ɗan gyambo a gabana, ba zafi ba ƙaiƙayi, ya warke da kansa. Tun jiya ban runtsa ba.

Maman Hanifa: 'Yar uwa, haka yake yi, gyambon ya tafi, cutar na nan cikin jini. Allurar fenisilin ke kashe ta. Ki koma asibiti yau, don tana kama jariri tun yana ciki.

Ɗan Zazzau: A gwada maigida shi ma, kada ya sake shafa miki.

Ƙanwar Maza: Faɗa masa ne ke ba ni tsoro wallahi, Anti.

Maman Hanifa: Ki ce likita ke nemansa, ku tafi tare.