Shinkafa da wake da madarar kwakwa irin ta Jamaika, yaushe ake zuba madarar?

Ummu_Nana:
Slm 'yan uwa, dan Allah wadda ta iya shinkafar nan ta mutanen Jamaika da ake dafawa da jan wake da madarar kwakwa ta taimaka min. So nake in haɗa ta da gasasshiyar kaza, to madarar tun farko ake zuba ta tare da waken ko sai an zo sa shinkafa? Kuma waken gwangwani zai yi?

Maman_Sadik:
Wslm 'yar uwa. Waken ki jiƙa shi ya kwana, da safe ki zubar da ruwan jiƙon ki ɗora da sabon ruwa da tafarnuwa, ki bar shi ya tafasa sosai kamar minti 10 kafin ki rage wuta, wannan jan waken mai siffar ƙoda in bai dahu da kyau ba yana ɓata ciki sosai, ba wasa ba. Sai ya yi laushi har kina iya murje shi da yatsa sannan ki zuba madarar, ki sa ganyen albasa da tayim da gishiri su ɗan tafasa tare, ƙamshin ya shiga ruwan, sannan shinkafa ta biyo. Kar ki zubar da ruwan da waken ya dahu a ciki fa, shi ne yake ba shinkafar wannan kalar ja-ja ɗin.

Inda ake samun matsala wajen awo ne. Mutane sai su manta madarar ma ruwa ce, su zuba nasu ruwan kamar kullum su ƙara gwangwani guda a kai, ai dole ta caɓe. Shinkafa kofi 2, to ruwan wake da madara gaba ɗaya kar su wuce kofi 3 da rabi zuwa 4, gwangwanin madarar nan mai mililita 400 shi kaɗai ya haura kofi ɗaya da rabi. Ki rufe ruf, wuta ƙasa-ƙasa minti 20 zuwa 25, banda juyawa, madarar kwakwa akwai saurin kamun tukunya.

Abu_Hanif:
Hajiya kin manta attarugu. Guda ake jefawa a kai ba a yankawa, ƙamshinsa ake so ba yajin ba, a cire shi a hankali kafin a zuba abinci don in ya fashe a ciki shikenan yara sun haƙura. Su can Jamaika suna sa 'ya'yan pimento ma, wani kayan ƙamshi ne mai kama da masoro, ko guda biyar sun isa.

Anti_Bilki:
Waken gwangwani zai yi in kina sauri amma gaskiya ni ban cika so ba, kalar ba ta fitowa sosai kuma yana farfashewa. In shi za ki sa ki zuba har da ruwansa, ki rage gishiri. Abincin ranar Lahadi ne a wajensu, da kaza ko naman akuya na kori ko jelar sa, lokacin Kirsimeti kuma wani wake suke sawa da suke kira gungo. Ki duba gwangwanin madarar da kyau, akwai mai suga a ciki, wannan ba ta girki ba ce.

Ummu_Nana:
Na gode sosai, Allah ya saka. Anti shinkafar a wanke ta ko?

Anti_Bilki:
Ki wanke har ruwan ya yi garau, ki tsane ta a kwando kafin ki zuba.