Raga, ƙulli da ido: shawarata kan fassarar "maillage"

Assalamu alaikum 'yan'uwa injiniyoyi da malamanmu na Hausa. A nan Garwa ta ƙasar Kamaru mukan tattauna aikin gini da Hausa tun daga tushe har rufi, amma da zarar an buɗe kwamfuta domin gwada ƙarfin ginshiƙi, sai kalmar Faransanci "maillage" ta shigo, maganar kuma ta koma Faransanci gaba ɗaya. Na daɗe ina neman abin da zai maye gurbinta.

Ga abin da kalmar take nufi. Injiniyan da yake son sanin ko ginshiƙin gada zai ɗauki nauyin tirela ba zai iya warware lissafinsa a dunƙule ba, saboda haka manhaja irin su Abaqus ko ANSYS takan rarraba siffar zuwa dubban ƙananan sassa masu kusurwa uku ko huɗu, waɗanda suke haɗe da juna a kusurwoyinsu. Daga nan injiniya ya faɗa mata taurin kayan, ko ƙarfe ne ko kankare, ya nuna inda aka kafe ginshiƙin da inda nauyi yake sauka, ita kuma ta lissafa motsin kowace mahaɗa. Injiniya Ray Clough ne ya raɗa wa dabarar suna "finite element method" da Turanci a 1960, bayan aikin da ya yi da injiniyoyin Boeing kan fikafikan jirgin sama, wanda aka buga a 1956.

Wani abokin aiki ya kawo "gutsattsari", amma ban gamsu ba, domin abin da aka gutsure ya rabu da ɗan'uwansa, alhali waɗannan sassa duk amfaninsu yana cikin haɗuwarsu. "Saƙa" ta fi kusa, sai dai aikin take nunawa, ba abin da aka samar ba.

Ni dai raga na zaɓa, kuma masuntan tafkin Lagdo ne suka tabbatar mini da ita. Raga tana da ƙulli, wato mahaɗar da Faransawa suke kira "nœud", tana kuma da ido, wanda shi ne kowane ƙaramin sashe. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, duk masunci ya san raga mai faɗin ido takan bar ƙananan kifi su wuce, kuma haka lissafin yake: idan ido ya yi faɗi a bakin rami ko a kusurwa mai kaifi, inda matsi yake taruwa, matsin zai sulale ba a kama shi ba. A watan Agusta na 1991 tushen kankare na dandalin haƙar iskar gas na Sleipner A ya nutse kusa da Stavanger a ƙasar Norway, bincike kuma ya nuna cewa ragar da aka saƙa a mahaɗar bangayensa ba ta yi kyau ba, har lissafin ya rage ƙarfin da yake neman tsaga bangon da kusan kashi 47 cikin ɗari. Idan kuwa aka ƙanƙanta ido a ko'ina, raga takan yi wa kwamfuta nauyi kamar yadda take yi wa mai jan ta daga ruwa. Shi ya sa ake matse ido a inda ake zargi kawai, a sake gudanar da lissafi, har sai sakamakon ya daina canzawa.

An yi mini gyara mai ma'ana, cewa idon raga fanko ne, alhali sashen lissafi cike yake da kaya, kuma wani lokaci yana da kauri. Na karɓa, don haka a siffa mai kauri ina ganin mu ce tubali, mu bar ido ga shimfiɗaɗɗen abu kamar faranti ko bango.

Dabarar kanta kuma mu kira ta lissafin raga. Jiya na ce wa wani ɗalibi daga Marwa, "Saƙa raga, ka matse ido a gindin ginshiƙi," ya kuwa aikata ba tare da ya nemi ƙarin bayani ba.