Neman kalma: yaya za mu ce "neglect" a rediyo?

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 7 na yamma shirinmu zai fita, kan gyaran aikin hukumomin kare yara a Amurka. "Abuse" mun bar shi a cin zarafi. "Neglect" ce ta cije, ga shi ita ce kusan kashi uku cikin huɗu na ƙorafin da ake tabbatarwa a can.

Uwar Marayu: Wa alaikumus salam. Rashin kulawa.

Ɗan Lauya: Hajiya, da gyara. Wannan ya haɗe uwar da ba ta da kuɗin abinci da wadda take da shi ta ƙi saya, alhali raba su ne gyaran. Jihar Yuta a 2018 ta ce barin yaro mai wayo ya tafi makaranta shi kaɗai ba laifi ba ne. Tekzas ma ta taƙaita ma'anar a 2021. A ce sakaci, don sai mai hali ake kira da shi.

Uwar Marayu: Sakaci ya yanke hukunci tun kafin a je gidan. Idan malamin makaranta ko likita ya buga waya, tantancewa ake fara yi. A jihohi da yawa, ƙorafi mai haɗari a tura masu bincike, mai sauƙi a tura ma'aikaci ya duba buƙatun gidan: haya, abinci, mai reno, magani. Ka shiga da kalmar zargi, iyaye su rufe bakinsu, ka fito ba ka san komai ba.

Bahaushe Tsantsa: Wofintarwa! Shekara nawa ina faɗa. Gajera ce, tamu ce.

Ɗan Lauya: Malam, wofintarwa watsi ne gaba ɗaya. Yaron da aka yi jinkirin kai shi asibiti an wofintar da shi?

Alaramma: Ihmali fa, ta Larabci?

Bahaushe Tsantsa: Wa zai gane ta a kasuwar Maraɗi? Kullum sai aro, kamar Hausa ta talauce.

Alaramma: To "hukuma" da "hakki" daga ina ka samo su?

Bahaushe Tsantsa: Waɗannan sun zama 'yan gida.

Mai Shiri: Jama'a, dare na yi. Zan ce "zargin rashin kulawa" kafin bincike, "sakaci da yaro" bayan an tabbatar.

Uwar Marayu: Ba laifi, amma ki faɗa a fili cewa talauci kaɗai ba sakaci ba ne.

Bahaushe Tsantsa: Kalma uku a gurbin ɗaya. To, shirinki ne.