Wa ya taɓa kwana a otal da iyalinsa a nan Zariya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Maigida ne ya kawo shawarar mu bar yara wajen Hajiya, mu je babban otal mu yi kwana biyu mu kaɗai, kuma a nan Zariya. A gidan gandu muke cikin birni, wajen Ƙofar Kuyambana, ko hira za mu yi da dare sai mun rage murya. Raina yana so, bakin mutane nake tsoro. Waɗanda suka taɓa yi su ba ni labari don Allah.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Mun yi, a GRA. Kada hoton gado da labule ya ruɗe ku, abin da za ku biya wa kuɗi wuta ce da ruwa da shiru. Kafin Malam ya biya, ya tambaya ƙarfe nawa suke kashe janareta, ko suna da sola, sannan ya shiga banɗaki ya murɗa famfo da hannunsa. Mu cikin watan Afrilu muka je, wajen ƙarfe uku na dare aka kashe inji, muka wayi gari muna fifita da takardar jerin abincinsu.

Ummu Hanif: 'Yar uwa, bakin mutane kam akwai shi, Zariya ba ta ɓoye mutum. Ni da niƙabi nake fita. Ranar da muka shiga otal ɗin, ashe wata maƙwabciyarmu tana cikin Keke Napep a bakin titi, ta gane motar Abban Hanif. Bayan mun dawo sai ga ta da yamma, ta zauna a bakin tabarma tana ta juya mayafi, ta ƙi shan ruwan da na kawo mata. Can ta ce, "Maman Hanif, ba gulma na kawo ba, amma ki dage da addu'a. Ran Juma'a na ga mai gidan nan ya shiga otal da wata doguwa mai baƙin niƙabi." Na ce mata jakar doguwar ruwan toka ce? Ta zaro ido. Na shiga ɗaki na ɗauko mata jakar. Har yau in mun haɗu a gidan biki sai ta rufe fuska. Don haka ki sanar da Hajiya da bakinki tun kafin ku fita, in magana ta zo ta tarar an riga ta.

Baban Yusra: Mu daga Kaduna muka zo, ni na yi karatu a jami'ar ABU, harabar Kongo, amma uwargida ba ta san garin ba. Gaskiya ɗakin bai kai na Abuja ba, garin ne ya biya mu. Da safe na kai ta ƙofar fada ta ga zanen bangon, muka leƙa tsohon Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Daga waje ba za ka ce akwai wani abu ba, don sabon gini ya lulluɓe shi, sai ka shiga ka ɗaga kai ka ga bakan gizon ƙasa, wato lanƙwasasshen ginin laka, yana riƙe da rufi. Da yamma muka nufi Dutsen Kufena ta Wusasa, ba mu hau can sama ba, takalminta bai yarda ba. Ku dai kauce wa makon bikin yaye ɗaliban ABU da kwanakin hawan Sallah, ɗaki yana wuya kuma kuɗinsa yana tashi.

Malam Na Tudun Wada: Ni fa ban gane ba. Kana da gida a gari ka je ka biya kuɗin kwana? A sayi buhun shinkafa mana.

Ummu Hanif: Malam, da gani ba kai ke tashi da asuba ɗora ruwan wankan yara ba. Kwana biyu ban kunna risho ba, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa yana neman aron maggi. A nan ne ma Abban Hanif ya samu sukunin gaya mini maganar filin da yake son saya a Samaru, wadda ya daɗe yana riƙe da ita.

Maman Ilham: Ai Ummu Hanif kin gama da ni da dariya. Baban Yusra, kunya ta kama ni, a birni aka haife ni amma ban taɓa ganin cikin tsohon masallacin ba. To abinci fa, nasu ake ci?

Abban Sadik: Karin safe nasu ba laifi, shayi da ƙwai da dankali. Na dare kuwa tsada ba daɗi, gara Malam ya fita unguwar PZ ya sayo muku balangu da gasasshiyar kaza. Ki tafi da dardumarki da buta, ba kowane ɗaki ake ajiye su ba, kuma ku tambayi alƙibla tun a wajen karɓar makulli.