Babban yaƙin Asabar: da wace doka za mu buga?

Ɗan Leeds: Salamu alaikum 'yan zaure. Wasan yaƙi na ƙananan sojojin roba a kan tebur za mu yi ranar Asabar. Mu shida ne, uku-uku, kowa da runduna mai darajar maki 2000, an ba mu ɗakin kulob daga azahar zuwa goman dare. Da dokar wasan Warhammer: The Old World za mu buga ko da ta Kings of War? A taimaka da shawara.

Sarkin Fenti: Old World mana. Ana ga barade na Bretonnia, masarautar mahaya dawaki ta cikin wasan, a ce wai wace doka?

Baban 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ji ta bakin wanda ya sha wuya. Bara mun yi irin wannan da tsohuwar dokar Warhammer ta 2010, aka haɗa tebura biyu masu ƙafa shida da huɗu. Jera sojoji kawai sai da ya kai mu la'asar. Wani bawan Allah ya zo da rundunar sojojin ɓeraye cike da kwalin takalmi, ba tire, ba maganaɗisu, yana tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, jelar wannan ta maƙale a mashin wancan. Da aka gwabza, duk wanda ya mutu sai an ciro shi da yatsa, sahun baya ya zube, a sake jerawa. Ga sihiri, kowane zagaye sai an buɗe littafi ana musu. Muna tsakiyar zagaye na uku mai gadi ya fara kashe fitila. Dodona ko taɓa kowa bai yi ba, a akwati ya koma yadda ya fito. Ku yi Kings of War. Bataliya guda ce a kan faifai ɗaya, ba a cire gawa, rauni kawai ake lissafawa. Idan ya taru a jefa dayis biyu, ko su dake, ko su girgiza, ko a kwashe su dungurungum. Kuma mai zagaye shi kaɗai ke jifa, shi ya sa agogon ƙayyade lokaci irin na wasan chess ke aiki a kai. Ku sa agogon, kar ku ji kunyar kowa.

Mai Ɓeraye: Yaya, ka kira suna kawai, kowa ya san ni ne. Na sayi tire yanzu.

Sarkin Fenti: Tire ka saya, fenti fa? Tun 2019 aka fito da fentin Contrast, shafa ɗaya ya wadatar, amma rundunarka har yau launin toka kamar an tono ta daga murhu.

Mai Ɓeraye: Kai da ka shekara kana fentin doki ɗaya?

Hajiyar Ƙwarangwal: Ku bar faɗan nan don Allah. Ɗan Leeds, duba gindin sojojinku tukuna. Wanda ya shigo bayan 2015 da wasan Age of Sigmar, nasa zagayayye ne, ba ya sahu sai da tire mai ramuka. Old World kuma da ta fito a Janairun 2024 ta ƙara faɗin gindin, na milimita 20 ya koma 25.

Malam Na Nottingham: Ba wanda zai ambaci wasan Warmaster? Sojojinsa 'yan milimita 10 ne, runduna guda ta shiga gwangwanin biskit.

Baban 'Yan Biyu: Malam, idonmu ya daina ganin wannan.

Sabon Shiga: Afuwan manya, ni ko soja ɗaya ba ni da shi. Da me zan fara?

Hajiyar Ƙwarangwal: Kar ka sayi komai tukuna, ɗana. Sauke dokar One Page Rules, kyauta ce, ka yanka kwali daidai girman bataliya ka gwada. Ranar Asabar zan ara maka maharba.

Sarkin Fenti: Hajiya, na kwali ma a yi musu fenti.

Ɗan Leeds: To wai me muka tsayar?

Mai Ɓeraye: Ni dai zan kawo kilishi. Waye mai mota daga Bradford? Akwatina ba ya shiga bas.