Taron masu kwamfuta a Agege in sabuwar Ubuntu ta fito, ya ake shirya shi?

Ɗan Agege:
Salam 'yan uwa. Akwai 'yan tsirarunmu a nan Agege da muke haɗuwa ran Lahadi bayan la'asar muna hirar kwamfuta, da ɗalibai da masu shagon buga takardu, har da wani mai POS da son abin kawai ya kawo shi. To ga Ubuntu 25.10, wato wani nau'in Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ta fito cikin Oktoban 2025, kuma a watan dai, ran 14, Microsoft ta daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro, mu kuwa yawancinmu tokunbo, wato laftof na hannu, muke riƙe da su irin EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460, waɗanda Windows 11 ta ce ba ta san da zamansu ba. Shi ne nake tunanin mu haɗa taro guda kamar yadda masu Linux ke yi duk sanda sabuwa ta fito, kowa ya zo da laftof ɗinsa a saka masa. Waɗanda suka taɓa zuwa irin wannan, me ake yi a ciki takamaimai? Lacca ake fara yi ko sakawa kai tsaye? Kuma me za mu tanada?

Mai Gyara Ikeja:
Wa alaikumus salam malam. Shawara ta farko, kar ku saka wa sababbin shiga 25.10. Ku yi murnar fitowarta, ku kunna ta a kwamfuta ɗaya kowa ya leƙa ya ga me ya canza, amma wata 9 kacal ake kula da ita, kafin mutum ya saba an ce masa ya sake hawa wata. Ubuntu sau biyu take fitowa a shekara, Afrilu da Oktoba, amma wadda ake zama a kanta ita ce LTS, wato wadda ake daɗewa ana kula da ita, mai fitowa bayan shekara biyu biyu, kamar 24.04 ta Afrilun 2024 da shekara 5 ake kula da ita, ka ga har 2029 ke nan. Wanda ya saba da Windows ma ni Linux Mint 22 zan ba shi, a kan 24.04 ɗin aka gina ta kuma fuskarta ba za ta firgita shi ba. Mai RAM 4GB a ba shi Xubuntu ko Lubuntu, nau'o'in Ubuntu marasa nauyi.

Kuma gaskiya kar ku tsorata mutane, bayan ran 14 ga Oktoban ma Windows 10 tana kunnuwa lafiya lau, gyaran tsaron ne kawai ya tsaya. Abin da ya hana injinanku Windows 11 shi ne tana son TPM 2.0, wani ɗan ɓangaren tsaro a cikin injin, da furosesa daga Intel ƙarni na 8 zuwa sama, naku kuwa na 6 ne. A nan Computer Village kullum ana tsallake wannan sharaɗin da Rufus, manhajar ɗora Windows a filas, kuma tana hawa, sai dai Microsoft ba ta ɗau alkawarin komai a kan irin wannan injin ba, ku faɗa wa mutum haka ya zaɓa da kansa.

Injiniya Babu Satifiket:
Na je irinsa a Yaba, kuma wallahi laccar ce ta kashe rabin taron, mutum ya tsaya da majigi yana ba da tarihin yadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro Linux a 1991 mutane na hamma laftof a cinya. Minti goma ya isa bayani. Abin da ya yi daɗi shi ne da aka zauna bibbiyu, wanda ya iya da wanda bai iya ba, mai injin shi ke danna komai da hannunsa ɗayan yana nuna masa kawai, don in kai ka yi masa gobe ma kai zai kira.

Ku sauke fayilolin tun a gida, na Ubuntu 24.04 ya kusa 6GB, in kowa ya ce sai a wurin zai sauke da datarsa har magariba ba ku fara ba. Ku sami filas kamar huɗu ku sa musu manhajar Ventoy, da ita filas ɗaya sai ta ɗauki Ubuntu da Mint da Xubuntu gaba ɗaya. Sannan a fara kunna ta daga filas ɗin ba tare da an saka ba, a gwada wayfay da sauti da kyamara, in duk sun yi sannan a ci gaba. Babban abu kuma, kowa ya kwafe kayansa a wani wuri kafin ya baro gida, a wancan taron ido na ganin ido wani ya goge hotunan bikinsa kaf saboda ya zaɓi a share faifan duka bai karanta ba. Mai BitLocker a kunne, wato abin da Windows ke kulle faifai da shi, ya nemo makullinsa tukuna. Batun wuta ba sai na faɗa ba, batiran tokunbo kun san halinsu, janareta da doguwar soket dole ne.

Maman Khalifa:
Ni dai tambayata CorelDRAW. Da shi nake katin biki da kalanda a shagona a Idi-Araba, in babu shi ba ni ba Linux ɗin nan.

Mai Gyara Ikeja:
Hajiya ba ya hawa Linux, kar wani ya ruɗe ki. Akwai Inkscape, mai irin aikin Corel, kuma yana aiki sosai, amma masu injin bugawa a Shomolu fayil ɗin Corel suka saba karɓa, ga kwastoma a tsaye ba lokacin koyon sabon abu ba ne. Injin da kike cin abinci da shi ki bar shi yadda yake. In kina da wani tsoho a ajiye shi za ki kawo. Takardun Word da Excel dai LibreOffice na buɗe su, sai ɗan gocewar layi wani lokaci.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To mun tsaya a kan Mint da 24.04, ita 25.10 kallo kawai. Asabar za mu sa da safe don 'yan Mushin da Oshodi su samu zuwa. Injiniya ko za ka zo ka riƙe mana ɓangaren filas ɗin? Shayi da burodi a wuyana, man janareta ne za mu yi karo-karo.